Fili kusa da tashar jirgin ƙasa, fili a lotisma, ko gida a cikin gari: wanne ya dace da mai saye a Maraɗi?

Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, cinikin fili a garin nan ya sami sabon kirari. Dillali zai kai ka bayan gari, ya tsaya da kai a tsakiyar gonar hatsi, ya miƙa hannu kudu ya ce: "Alhaji, nan jirgi zai bi, in ka bari shekara ta zagayo sai ka ninka kuɗin." Ƙanena da ke fatauci a Kwatano ya ji irin wannan magana, ya kira ni da dare yana cewa: "Yaya, ɗan abin da na tara, in zuba shi a can, ko in sayi fili a lotisma, ko kuwa in lallaɓa in nemi tsohon gida a cikin gari?" (Lotisma ita ce sabuwar unguwa da aka yanka filayenta da izinin hukuma.) Amsar da na ba shi ce na faɗaɗa a nan, domin ba shi kaɗai ne wannan tambaya ta hana barci ba.

Ma'aunin da za a bi

Abu huɗu ne ya kamata a auna kowane zaɓi da su. Na farko farashi, kuma farashin fili bai tsaya ga abin da aka ƙirga wa mai shi ba, ya haɗa da la'adar dillali, da kuɗin takardu, da katanga, da jawo ruwa da wuta, da abin da za a riƙa ba ɗan kabu-kabu kullum. Wannan na ƙarshe shi ne mutane suka fi mantawa da shi. Mu ƙaddara nisan unguwa ya ƙara wa magidanci dala ɗari (sefa 500) kacal a rana, zuwa da dawowa: a kwana 26 na aiki ya kashe jika 13 (sefa 13,000), a shekara jika 156, a shekara biyar jika 780, ba a ma sa na yara masu zuwa makaranta da na uwargida mai zuwa asibiti ko biki ba.

Na biyu ɗorewa, wadda take da fuska biyu: ƙasar da ginin su jure wa damina, sannan darajar wurin ta tsaya da ƙafarta ko da abin da ake jira bai zo ba. Na uku sauƙin zama, wato ruwa, wuta, hanya, makaranta, asibiti, kasuwa da maƙwabta. Na huɗu haɗari, musamman na takardu, da na karɓe fili domin aikin gwamnati, da na jinkirin aiki, da na rufe iyaka.

Wace irin tasha ake magana?

Kafin a auna zaɓi na farko sai an warware wani ruɗani, domin tashar jirgin ƙasa iri biyu ce, kuma abin da kowace take yi wa unguwar da ke kewaye da ita ya bambanta ƙwarai.

Akwai tashar jirgin cikin gari da kewayensa, wanda yake ɗaukar ma'aikata da ɗalibai da ƴan kasuwa safe da yamma, yana wucewa bini-bini. Misalinsa shi ne na Dakar, wanda ya fara aiki a watan Disamban 2021 a kan kilomita 36, daga tsakiyar birnin zuwa Diamniadio, sabon garin da gwamnatin Senegal ta tsara domin rage wa Dakar cunkoso. Jirgin yana wucewa kusan kowane minti goma a ranakun aiki, yana ratsa unguwanni masu cike da jama'a irin su Pikine da Rufisque, saboda haka mai gida kusa da tasha ya san zai isa wurin aiki a kan lokaci ba tare da ya mallaki mota ba. Irin wannan tasha ce take ɗaga darajar gidajen kwana, kuma masu tsara birane sun fi lissafa amfaninta a cikin tazarar mita 800, wato tafiyar minti goma a ƙafa. Wanda ya wuce wannan tazara sai ya hau babur kafin ya hau jirgi, ribar ta ragu ke nan.

Akwai kuma tashar jirgin dogon zango, mai ɗaukar kaya da matafiya tsakanin garuruwa. Layin Kano zuwa Maraɗi irin wannan ne: kilomita 284 ne, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne aka ba kwangilarsa a kan kusan dala biliyan biyu na Amurka, yana bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, kuma mafi yawansa a cikin Najeriya yake. Babu wanda zai hau shi daga bayan garin Maraɗi domin zuwa babbar kasuwa ko ofis. Abin da irin wannan tasha take jawowa shi ne sito, da garejin manyan motoci, da ofishin kwastan, da masu dako, da masu abinci, da masauki. Tarihin arewacin Najeriya ya riga ya nuna haka: layin dogo ya isa Kano a 1911, Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, kuma abin da ya taru a bakin tashoshin nan shi ne kantunan kamfanoni da buhunan gyaɗa da fatu. Da jirgin ya ja baya, kasuwar Nguru da ta Ƙaura ma suka ja baya tare da shi.

Duk wanda ya fahimci wannan bambanci ya riga ya yi rabin zaɓinsa.

Zaɓi na farko: fili kusa da inda ake sa ran tasha

Ta fuskar farashi, a nan ne ake samun ƙasa mai faɗi da kuɗi kaɗan idan aka kwatanta da cikin gari, sai dai arahar ba ta kai yadda take bayyana ba, domin mai gonar ya riga ya ɗora maka kuɗin jirgin da bai iso ba. Ga katanga da dole a yi da wuri saboda kada maƙwabci ya ci iyaka, ga mai gadi idan an ajiye kayan gini, ga ruwan gini da za a saya a kura ko a tanka.

Ɗorewarsa ita ce mafi rauni, saboda darajarsa a kan alkawari take tsaye. Mu ƴan Nijar ba ma buƙatar a ba mu labarin wata ƙasa a wannan fanni: an buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai a 2014, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa layi na kimanin kilomita 140 zuwa Dosso, aka yi bikinsa a watan Janairun 2016, amma haɗinsa da Parakou ta Benin bai samu ba, jirgin kuma bai shiga jigilar yau da kullum ba. Ko jirgin cikin gari ma yana iya yin haka. Na Abuja an buɗe shi a watan Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo ba sai watan Mayun 2024, kuma ɗaya daga cikin abin da aka fi kuka da shi tun farko shi ne tashoshi da yawa suna can gefe, babu hanyar mota mai kyau da take kai mutum gare su. Wanda ya sayi fili a gefen irin wannan tasha domin ya ba da haya, ya yi shekaru yana kallon ginin tasha ba fasinja. Ban kawo waɗannan misalai domin in ce layin Kano ba zai iso ba, aiki ya yi nisa a ɓangaren Najeriya, ni ma ina cikin masu fatan ganin ranar. Abin da nake nufi shi ne kalandar layin dogo da kalandar magidanci mai biyan haya ba ɗaya ba ne.

Sauƙin zama a yau kusan babu shi, gobe kuma yana da sharaɗi. Idan tashar ta zo ta cika da aiki, wanda yake manne da ita zai sami ƙura, da ƙarar manyan motoci dare da rana, da baƙin fuska a ƙofar gida, abin da ɗan kasuwa yake so amma mai iyali yake gudu. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: layin dogo yana raba unguwa biyu, ba a tsallaka shi sai a mahaɗar da aka tanada, don haka fili yana iya kasancewa jifa ɗaya daga tasha amma ƙofarta tana ɗaya ɓangaren, sai an yi dogon zagaye.

Haɗarinsa kuwa hawa uku ne. Yawancin irin waɗannan filaye gonaki ne na gado da ba a yanka ba tukuna, takardarsu ba ta wuce shaidar mallaka ta gargajiya daga maigari ko hakimi ba, kuma ranar da aka zo yin lotisma, mai gona wani kaso ne kawai na filayen yake samu, sauran ya tafi ga tituna, da wuraren da aka keɓe wa jama'a, da hukuma. Yankin da ka saya yana iya faɗawa a tsakiyar titi. Hawa na biyu shi ne karɓe fili domin amfanin jama'a, wanda dokar 1961 da aka yi wa gyara a 2008 ta ba gwamnati ikonsa bisa biyan diyya: mafi kusa da layi shi ne mafi kusa da wannan hukunci, diyyar kuma ana lissafa ta ne bisa takarda da abin da ke kan ƙasar, ba bisa burin da mai saye ya ci ba. Hawa na uku iyaka ce. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa watan Maris na 2024, kuma jirgin da rayuwarsa ta dogara ga tsallaka Jibiya zai tsaya cik duk ranar da haka ta sake faruwa. A ƙara da cewa ƙauyukan kan iyaka a jihar nan sun sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, don haka gida shi kaɗai a cikin gonaki ba wurin kai iyali ba ne.

Wanda duk da haka ya ƙudura saye, kada ya yarda da yatsan dillali. Ya je ma'aikatar magajin gari da ofishin tsara birane ya nemi a nuna masa taswira, ya san inda layi zai bi, da faɗin da aka keɓe masa, da inda ƙofar tasha za ta fuskanta. Saye ba tare da wannan ba sayen kifi ne a ruwa.

Zaɓi na biyu: fili a lotisma

Wannan shi ne fili a sabuwar unguwa da hukuma ta amince aka yanka, aka fitar da tituna, aka kafa turakun siminti na iyaka, kowane fili da lambar rukuninsa da harafinsa. Maraɗi ta san irin wannan girma tun ba yau ba. Ita kanta shimfiɗaɗɗiya ce bisa tsari, domin bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 ne aka tayar da garin daga fadama aka hau da shi tudu, aka yanka masa tituna miƙaƙƙu. Unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo, waɗanda dattawa suka sani a matsayin bayan gari, yau cike suke da gidaje. Ƙidayar 2012 ta ba birnin mutum sama da 267,000, kuma tun daga lokacin bai daina faɗaɗa ba. Abin lura shi ne duk wannan girma ya samu ne ba tare da jirgin ƙasa ko ɗaya ba, gyaɗa ce ta fara kawo shi, sannan fatauci da Najeriya ta hanyar mota, da haihuwa, da masu baro ƙauye.

Farashinsa matsakaici ne, amma tazarar da ke tsakanin fili da fili tana da girma, kuma abin da yake yanke ta shi ne kusanci da gudron, wato titin kwalta, da turakun wutar lantarki na kamfanin NIGELEC, da bututun ruwa. Fili mai araha a layin ƙarshe na lotisma yana iya zama mafi tsada idan mai shi ne zai sayi turaku ya jawo waya, ko ya haƙa rijiyar burtsatse, ko ya dogara ga hasken rana kaɗai. Ƙarin kuɗin da aka biya domin fili mai kusa da waɗannan abubuwa, a ganina, shi ne kuɗin da ya fi kowane dawowa.

Ɗorewarsa tana da kyau, saboda buƙatar muhalli ce take riƙe da darajarsa, ita kuwa ba ta jiran a yanke ƙyalle. Sai dai a kula da ƙasar. Tudun Maraɗi rairayi ne, ruwan sama yana gangarawa Gulbi da ƙarfi, yana yanka kwazazzabai yana cin tushen katanga, don haka lokacin duba fili shi ne watan Agusta bayan an yi ruwa mai yawa, ba tsakiyar rani ba lokacin da ko'ina yake kama da ko'ina.

Sauƙin zama yana zuwa ne sannu a hankali. Shekarun farko akwai rairayin da babur yake kafewa a ciki, da nisan makaranta, da ɗan adaidaita mai ƙara kuɗi idan ya ji sunan unguwar, amma kowane maƙwabci da ya tare yana rage wahalar. Idan kuma layin dogo ya iso, mai wannan fili bai yi asara ba, domin ma'aikatan tasha da na kwastan da ƴan kasuwar da za ta jawo, a irin waɗannan unguwanni za su nemi haya, ba a bakin sito ba.

Haɗarinsa na takarda ne, kuma ana iya kauce masa. Akan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, akan sayar da filin da aka keɓe domin makaranta ko asibiti, akan kuma yanka gona a kira ta lotisma ba tare da izinin hukuma ba. Maganin duka ukun ɗaya ne: a ga takardar sayarwa ta hukuma, wadda aka fi sani da akt-da-sesiyon, a kai lambarta ma'aikatar magajin gari a tabbatar da sunan da ke cikin rajista, a je da mai awon ƙasa ya nuna turakun iyaka, a sauya suna nan take bayan biya, sannan a bi sawun titir fonsiye, wadda ita ce takardar da ta fi kowace ƙarfi kuma banki yake karɓa jingina. A kuma tuna cewa filin da hukuma ta sayar yana zuwa da sharaɗin a raya shi, ba a bar shi kango har abada ba.

Zaɓi na uku: ginannen gida a cikin gari

A tsoffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, Ƴandaka ko Sabon Gari, kuɗin da zai sayi fili biyu ko uku a baya yana iya ƙarewa a kan gida ɗaya matsattse, sau da yawa na laka, wanda rufinsa da shaddarsa suke neman gyara. Amma ana tarewa a watan da aka saya, haya ta tsaya, ruwa da wuta suna nan, kasuwa da asibiti da makaranta ana zuwa a ƙafa, kuma ɗakin da ke bakin titi yana iya zama shago. Darajarsa ba ta cika faɗuwa ba, ba ta kuma yin tsalle.

Babban haɗarinsa gado ne. Gida mai magada goma, idan tara suka sa hannu ɗaya yana Libiya ko Legas bai sani ba, rigimar tana nan tana jiran dawowarsa, don haka ba a biya sai an ga takardar rabon gado da amincewar kowa a gaban hukuma. Sai kuma a duba inda ruwan unguwa yake bi da damina, musamman gidajen da ke gangaren da ya fuskanci Gulbi.

| Ma'auni | Kusa da tashar da ake jira | Lotisma mai takarda | Gida a cikin gari |
|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Kaɗan, amma an ɗora masa kuɗin fata | Matsakaici | Mai yawa |
| Kuɗin da ke biyo baya | Katanga, gadi, ruwa, wuta, sufuri | Gini, jawo ruwa da wuta | Gyara ko rushewa a sake |
| Ɗorewar daraja | Ta rataya ga isowar jirgi da buɗewar iyaka | Tana tafiya da girman gari | Tsayayya |
| Sauƙin zama yanzu | Kusan babu | Yana ƙaruwa kowace shekara | Cikakke, sai matsi |
| Babban haɗari | Karɓe fili, rashin takarda, jinkiri | Sayarwa sau biyu, zaizayar ƙasa | Rigimar magada |
| Saurin sayarwa idan buƙata ta taso | Sai an dace | Da sauƙi idan takarda ta cika | Da sauƙi, sai dai mai saye ya zama mai ƙarfi |

Wanne ga wa?

Babban ɗan kasuwa mai shigo da kaya ko mai fitar da wake, aya ko dabbobi, wanda yake da gidan kansa kuma kuɗin da zai zuba ba jarin da yake juyawa ba ne, shi ne fili kusa da tasha ya dace da shi, bisa sharaɗin ya ga taswira, ya ja da baya daga faɗin da aka keɓe wa layi, ya zaɓi wuri mai fita zuwa gudron, kuma niyyarsa sito ko gareji ne. Idan filin yana kan hanyar Ɗan Isa, wadda ta nufi iyakar Najeriya, ta yadda manyan motoci za su iya amfani da shi tun yau, ya rage wa kansa rabin haɗarin.

Ma'aikaci mai albashi, ko malamin makaranta, ko mai sana'a da yake gini bulo bayan bulo, lotisma ce tasa, kuma gara ƙaramin fili kusa da ruwa da wuta da babba a layin ƙarshe. Mai neman gidajen haya ma nan ya kamata ya duba, musamman ɓangaren da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ƙananan ma'aikata suke iya kaiwa da kuɗin babur kaɗan.

Mai iyali da yawa wanda haya ta ishe shi, ko wanda yake da tsofaffi masu zuwa asibiti a kai a kai, ko wanda sana'arsa take cikin kasuwa, ya daure ya sayi na cikin gari ko da zai gyara shi ɗaki bayan ɗaki.

Shi kuwa mazaunin waje irin ƙanena, wanda ba ya nan balle ya riƙa leƙa filinsa, na ce masa ya bar maganar gona ko da dillali ya rantse masa, ya sayi fili ɗaya a lotisma da sunansa a kan takarda ba sunan wani ɗan'uwa ba, ya kewaye shi kafin damina, ya sa ƙofa da ɗaki ɗaya wanda wani zai zauna ciki. Idan wani abu ya rage bayan haka, kuma zuciyarsa tana nan a kan jirgi, sai ya haɗa hannu da abokan fataucinsa biyu ko uku su sayi wuri ɗaya na sito, kowa da kasonsa a rubuce a gaban notar, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardu.